Buhun Maharazu

Ran Talata da hantsi aka gane an taɓa saƙon Maharazu, kafin azahar kuwa babu wanda bai ji ba a lungunmu na bayan Ƙofar Wambai. Ina kan keken ɗinki ina fama da wuyan wata riga, sai ga Sa'adiyya matarsa a bakin shagona, mayafi a karkace, riƙe da ɗan farin buhun akoko.

"Baba Ilu, duba mini rubutun nan, ko idona ne."

Na karɓa. A gefen buhun an rubuta da boko: riga biyu, agogo ɗaya, kaset ɗaya.

Ta ce, "Riguna suna nan, agogo yana nan. Kaset ne babu. Inna ta zazzage buhun nan sau uku."

Gabana ya faɗi, don ta hannuna saƙon ya biyo. Gidajenmu ba su da lamba, ni kaɗai ke da akwatin gidan waya a lungun, shekara ashirin da biyu duk wasiƙar da za ta zo sai a rubuta "hannun Ilu Tela". Maharazu kuwa ɗan fari ne a gidan Malam Abdulmalik baduku, soja ne, shekararsa biyu a Saliyo. Uwarsa, Inna 'Yardada, yanar ido ta rufe mata gani tun kafin ya tafi, don haka ba ya rubuto wasiƙa. Kaset yake ɗauka ya yi musu hira, ya ɗinke a buhu da ɗan tsaraba, ya ba duk wanda zai zo Legas hutu ya jefa a gidan waya. Da wannan kaset tsohuwar take rayuwa daga wata zuwa wata.

Shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki ce, damina ta yi tsakiya, rediyo kuma kullum yana cewa za a fara dawo da yaranmu gida. Shi ya sa da aka ga tsofaffin rigunansa da agogonsa, kowa ya ce ai kaya ya fara turowa, mai kayan yana tafe.

Mutane suka taru a ƙofar shagona, na ga idanu sun fara juyowa kaina. Nan na yi maganar da har gobe nake nadamarta. Na ce, "Ni dai a ɗinke na ba Mamman."

Ba ƙarya na yi ba. Amma na san abin da zai biyo baya, kuma na faɗa.

*

Mamman ɗan dako ne, dattijo, mutumin wani ƙauye a ƙasar Kazaure. Shekara goma sha tara yana ɗaukar kaya a Wambai, ko allura ba a taɓa cewa ta ɓata a kansa ba. Amma baƙo ne, ba shi da dangi a birni, irinsa kuwa ba a wahalar ɗora masa laifi.

Nan take wani ya tuna ya gan shi jiya Litinin a rumfar mai sayar da kaset, da farin buhu a hammata. Aka ɗunguma kasuwa, aka zazzage jakarsa a gaban jama'a, sai ga kaset ya faɗo. Wayyo, ka ji ihu! Mamman yana cewa nasa ne, don Allah kada a kunna, aka fizge aka zura a rikoda.

Muryarsa ce ta fito, a hankali, irin ta wanda bai saba da na'ura ba. "Jummai, ni ne babanki. An ce mini cikin ya tsufa. Ki daina zuwa rafi, ki bar wa ƙannenki. Ki ci abinci ko ba kya so. In Allah ya sauke ki lafiya, ina nan tafe da zane..."

Matasa suka fashe da dariya. Mamman ya sunkuyar da kai. Na ɗauka magana ta mutu, sai wani mai baƙin baki ya ce, "To ai shi ke nan! A kan kaset ɗin Maharazu ya ɗauki tasa, ya goge muryar yaro!" Mai rumfar ya rantse sabo fil ya sayar masa, aka ce ai ɗan garinsu ne, dole ya kare shi.

Mai unguwa ya yanke: in ba a ga kaset ba zuwa Juma'a, za a miƙa Mamman ga 'yan sanda. Shugaban 'yan dako ya ce kafin nan ya ajiye gammonsa. Da yamma na wuce na gan shi zaune a gindin katangar masallaci, gammon a cinyarsa, kaya suna ta wucewa a kan wasu.

*

Da sassafe ran Laraba na hau Goron Dutse wurin Baba Lawal. Tsohon ɗan doka ne na zamanin En'e, mai bin sawu. An ce ya taɓa bin ɓarayin shanu kwana tara har bakin iyaka. Yanzu ya tsufa, ƙafa ɗaya tana ja, kuma ba shi da fara'a ko ta sisin kwabo.

Na zayyana masa komai yana ɓare goro. Ya ce, "Tela, kai ne ka jefa shi, yanzu kuma kai ne mai ceto?"

"Baba, ni gaskiya na faɗa."

"Gaskiya ma ana jifa da ita. An yi ruwa tun ran Litinin?"

"Sau biyu."

"To babu sawu a ƙasa. Sai mu nemi wanda hannu ya bari." Ya jawo sandarsa.

Wurin Mamman muka fara. Baba Lawal ya zauna kusa da shi a ƙasa, ya gutsura masa goro.

"Ka tsaya a rumfar kaset?"

"Na tsaya, Baba. Motar garinmu ran Talata take tashi, ina so saƙona ya bi ta. Buhun yana hammatata, ban ajiye ba ko sau ɗaya."

"Wa ka ba a gidan?"

"Na yi sallama sau uku ba a amsa ba. Ka san ba shiga. Malam yana masallaci, ana azahar. Sai na ɗora a kan fatunsa a zaure, kamar yadda na saba."

"Matan fa?"

Ni na amsa. "Suna Shahuci gidan suna, sai bayan magariba suka dawo."

Baba Lawal ya dubi hannuwan Mamman, manyan yatsu duk kanta da faso, ya jujjuya su, ya sake su.

*

Malam Abdulmalik yana zaure lokacin da muka isa, jajayen fatun awaki a gabansa, amma ba ya aiki. Ya rame a kwana biyu. Na ce a raina, dole, wa zai ga matarsa tana kuka ya yi ƙiba? Ya yi mana iso, don Baba Lawal ya kai shekarun da ba a hana shi shiga gida, ni kuwa a gidan na yi wasan ƙasa.

Inna 'Yardada tana kan tabarma a bakin ɗakinta, hannunta na hagu a damƙe da ƙullin bakin zanenta. Sa'adiyya tana gefe, an yi mata sabon kitso, ƙafafu sun sha lalle tun da rediyo ya fara maganar dawowa.

Tsohuwar ta ce, "Malam Lawal, ni ban ce kowa ya ɗauka ba. Bawan Allahn nan Mamman, shi ke kawo mana tun farko. Ni dai muryar yaron nan nake so. Ko wa ya ɗauka, ya jefo ta kan katanga, na yafe."

Yaron nan take cewa. Tun da ta haife shi ba wanda ya taɓa jin sunansa a bakinta, kunyar ɗan fari irin ta mutanen da. Ubansa ma haka.

Baba Lawal ya ce, "Yaushe kuka buɗe?"

Sa'adiyya ta ce, "Jiya da safe. Da muka dawo daga suna mun so buɗewa, Baba ya ce Inna ta gaji, a bari gari ya waye."

"A waje ana cewa ke kika ɓoye, don ki ji mijinki ke kaɗai."

Haba, sai yarinya ta fashe da kuka. "Ni? Ni ce fa na karanta rubutun na faɗa! Da ni na ɗauka, ai sai in yi shiru, wa ya iya boko a gidan nan?"

"Ba kowa?"

"Baba ajami kawai yake karantawa."

Baba Lawal ya gyaɗa kai. Ya tambaya ko tsofaffin buhunan suna nan. Ashe tsohuwar ba ta yar da ko ɗaya ba, guda bakwai, a ninke cikin kwalla. Ya baza su a tsakar gida, ya sa na takwas a ƙarshe, ya tsuguna yana bin su da ido kamar mai duba shuka. A kusurwar kowane ɗaya daga cikin bakwai ɗin akwai ɗan rubutun ajami, sunan uban, da hannun Maharazu. Na takwas babu.

Sai ya juya na takwas ciki ya koma waje. Bakin, inda Sa'adiyya ta yanke da reza, bai dame shi ba. Gindin ya ɗaga wa rana, ya daɗe yana kallo, ya shinshina, har ya ɗan taɓa zaren da harshe.

Ya ce, "An farke gindin nan an sake ɗinkewa. Kuma ba hannun ɗan dako ba ne. Wanda ya yi wannan, da allura yake ci."

Ya juyo ya zuba mini ido. Wallahi sai da na ji zufa ta gangaro mini ta baya. Saƙon ya kwana biyu a shagona kafin in ba Mamman, kuma kowa ya sani.

*

A shago ya yanki ƙyallen akoko ya ce in ɗinke masa da hannu. Na ce, "Baba, yanzu ni kake zargi? Ni da na hau dutse na ɗauko ka?"

"Na taɓa kama ɓarawon da shi ya fi kowa ihu. Ɗinka."

Na ɗinka, na miƙa masa. Ya ɗaga wa haske, ya cusa a aljihu, ya yi tafiyarsa ba ko sallama. Kafin la'asar labari ya zaga cewa Ilu Tela ne. Mutum biyu suka zo suka karɓe yadinsu. A ranar na ɗanɗana kaɗan daga abin da na jiƙa wa Mamman, ban kuwa ji daɗinsa ba.

Ran Alhamis da hantsi ya dawo, ya ce in raka shi gyaran takalmi. Da idona na ga ya sa wuƙa ya tsinke maɗaurin da kansa kafin mu shiga zauren Malam Abdulmalik.

Malam ya karɓa. Ya ja zare a jikin dunƙulen kakin zuma, ya ɗauki ƙarfen huda fata ya jera ramuka, sannan ya bi su da allura. Yatsunsa jajaye ne da rinin karan dafi, kamar na kowane baduku. A lungun zauren, bayan tarin fatu, ga 'yar rikodarsa da yake jin karatu da ita, an kifa mata ƙwarya.

Baba Lawal ya ce, "Malam, kwana biyu ba a jin karatu a zauren nan."

"Batir ne ya mutu."

"Allah sarki." Ya sa takalminsa. "Gobe Juma'a, Malam. Gobe za a tafi da Mamman. An ce 'yarsa tana kan gwiwa ko yau ko gobe."

Malam ya dafe aljihun ƙirjinsa, ya buɗe baki, ya rufe. Muka jira. Ya mayar da kai kan fatunsa.

A waje Baba Lawal ya tsaya ya jingina da sanda, na ga tsufansa ya fito. Ya ce, "Tela, a duk aikin nan ba sawun da na tsana kamar wanda ya zaga ya koma gidan mai kaya. Je ka gaya wa mai unguwa, bayan la'asar a zauren nan. A zo da Mamman. Kai kuma ka sayo batir huɗu."

*

Hadari ya haɗo, ana idar da la'asar ruwa ya sauko, wanda ya taimaka ya kore 'yan kallo. Mai unguwa yana kan buzu, Mamman ya rakuɓe a bakin ƙofa kamar ba a gayyace shi ba, ni ina gefe. Aka jawo Inna 'Yardada ta zauna a bakin ƙofar cikin gida, Sa'adiyya a bayanta. Malam Abdulmalik yana wurin zamansa.

Baba Lawal ya ajiye abu uku a tabarma: buhun, ƙyallen da na ɗinka, da takalminsa.

"Ranka ya daɗe, ɗaga buhun nan wajen haske. Gefe da gefe ɗinkin wanda ya aiko ne, manyan taku, farin zare. Yanzu dubi gindin. Me ka gani?"

Mai unguwa ya ƙanƙance ido. "Ramuka. Ƙanana, a jere."

"Dubi na Tela. Akwai?"

"Babu."

"Tela ba ya huda yadi, allura yake turawa ta wuce. Mamman kuwa yatsunsa ko zare ba za su zura ba. Mutum ɗaya ne ke huda rami kafin ya sa allura, ko da a akoko ne da ba ya bukata, don shekara hamsin hannunsa bai san wata hanya ba. Shinshina zaren, kaki ne. Duba shi da kyau, akwai ja-ja a jikinsa. Ga takalmina, ɗinkin ɗazu, a gwada."

Ba wanda ya gwada. Ruwa kawai ake ji a indararo.

Mai unguwa ya ce, "Malam Abdulmalik? Kai? Kayan ɗanka?"

Baba Lawal ya sassauta murya, abin da ban taɓa ji ya yi ba. "Ya dawo daga masallaci ya ga buhu ba ajami a kusurwa. Uba ne, gabansa ya faɗi. Ya farke ta gindi don kada a gane, ga rikoda a kusa, matan ba sa nan. Da ya ji abin da ya ji, ya cire kaset ya ɗinke. Bai san an rubuta kaset ɗin a jikin buhun da boko ba. Ban san me ya ji ba, Malam, amma na yi shekaru ina kai wa mutane labari, na san fuskar wanda ya riga ya samu. Ba na so in tona ka. Sai dai ga bawan Allah za a ɗaure, ga yarinya tana ta ƙunshi tana jiran miji, shi kuma yaron yana da haƙƙin addu'a a kanmu."

Malam ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da kaset ɗin.

Ya ce, "Ba muryarsa na ji ba. Wani Shehu ne, abokin aikinsa. Ya ce kwana uku bayan Mauludi suna sintiri harsashi ya same shi. Ya ce sun yi masa wanka, sun sallace shi, sun binne shi da hannunsu. Ya ce takardar hukuma tana tafe, shi dai ya ga ya kamata mu ji daga bakin wanda ya riƙe kansa."

Sa'adiyya ta ƙwalla ƙara ɗaya ta zube. Muka ɗauki salati, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," maƙwabta mata suka shigo ta cikin ruwa suka riƙe ta.

Malam ya ci gaba, hawaye yana bin gemunsa. "Likita ya ce zuciyar uwarsa ba ta son firgita. Na ce in na faɗa mata, biyu zan binne. Na ce bari in samu kwana ɗaya in san yadda zan yi. Kwana ɗaya ya zama huɗu. Ina ji aka kunna kaset ɗin Mamman a kasuwa, ina ji ana dariya, na kasa tashi. Mamman, na ci amanarka. Ba ni da bakin roƙonka."

Duk wannan abu Inna 'Yardada ba ta motsa ba. Ni ita nake kallo, ina jiran ta faɗi. Sai ta sa hannu ta kwance ƙullin nan na bakin zanenta da take damƙe da shi tun ran Talata. Zoben azurfa ne a ciki, ya sha jiki.

Ta ce, "Malam, miƙo hannunka."

Ya miƙa, ta lalubo ta sa masa.

"A aljihun rigarsa na same shi, tun zazzagewar farko. Na mahaifina ne, ni na sa masa ran da zai tafi aikin soja. Ya yi ƙiba a kansa, ko da sabulu ba ya fita, har tsiya nake masa. Da na shafa shi na san sai masu wanka ne suka cire." Ta numfasa. "Na yi shiru ne saboda kai. Na ce hawan jininka ba zai ɗauka ba, bari takarda ta zo, maza su gaya maka. Ni ban nemi kaset don in ji ko yana raye ba, Malam. Na nema ne don na san shi ne na ƙarshe."

Malam ya kifa kansa a kan fatun nan ya yi kuka irin wanda ban taɓa jin namiji ya yi ba. Shekara arba'in da aure, ɗaki ɗaya, kwana huɗu kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa gawa ɗaya. Ni kaina ban san lokacin da na jiƙa gaban rigata ba.

Da ya lafa ya ce, "Shehun ya ce a ɗaya gefen akwai saƙon da yaron ya fara ɗauka bai ƙarasa ba. Ban iya juyawa ba. Wallahi ban ji ba."

Baba Lawal ya ce, "Tela, batir."

*

Na ɗauke ƙwaryar, na zuba batir, na juya kaset ɗin. Aka ɗan ji shuu, da kukan wasu tsuntsaye da ba irin namu ba, sai ga shi tangaram, da dariyarsa.

"Assalamu alaikum, mutanen gida! Inna, ina wuni? Na san kina nan kin kasa kunne kamar mai jiran kiran sallah. To albishirinki. An ce farar hula sun hau, an ce za a fara kwashe mu. Ki sa a tanadi kuka da daddawa, na gaji da ganyen rogo. Baba, takalmin da ka yi mini har yanzu yana nan, duk bataliya ba mai irinsa. Sa'adiyya, ke ba zan yi maganarki a nan ba, Inna tana ji, sai na zo."

Daga cikin gida aka ji wani sauti, rabi dariya rabi kuka.

"A gaida Baba Ilu, a ce masa ya rage faɗa. A gaida Baba Mamman, na san shi zai ɗauko wannan ma. Inna, don Allah a ba shi goro mai kyau, mutumin nan shekara biyu yana kawo muku ni a kansa, ko zare bai taɓa ɓata ba. In na dawo da kaina zan..."

Aka ji wani ya kira shi daga nesa. Ya ce, "Ina zuwa! Inna, ana kira, bari in dawo in ƙarasa." Sai ƙarar maɓalli.

Muka zauna muna sauraron kaset yana juyawa ba komai a ciki, ba wanda ya iya kai hannu ya kashe, har ya kai ƙarshe ya tsaya da kansa.

Mamman ne ya fara motsi. Ya share fuska da gammonsa, ya matso ya tsuguna gaban Malam ya ce, "Allah ya jiƙansa, Malam. Ni ba ka yi mini komai ba. Tabarmi nawa za a bukata gobe? In fara kwasowa."

Mai unguwa ya kasa haɗa ido da shi. Ni ma haka. Na roƙe shi gafara daga baya, ya ce ya yafe, amma bai ƙara karɓar saƙo daga hannuna ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baba Lawal kuwa ko sadakar goro bai tsaya karɓa ba, ya ja ƙafarsa cikin ruwan ya tafi.

Ina shirin cire kaset ɗin Inna 'Yardada ta ce, "Ilu, bar shi. Mayar da shi farko."

Na mayar. Ta jawo rikodar ta ɗora a cinya, ta lalubi maɓallin da kanta. Da muryar ta ce, "Inna, ina wuni?" sai ta sunkuya dab da ita, ta amsa a gaban mijinta da mai unguwa da mu duka, da sunan da ta yi shekara talatin da ɗaya tana kunyar faɗa.

"Lafiya lau, Maharazu. Lafiya lau, ɗana."